Baƙar Fata a Fagen Gasar Kyau: Ɗan Tarihi

Na san wasunku za su ce me ya haɗa Bakabe, ma'aikacin gwamnati, da zancen gasar kyau da masu tallan tufafi. To, mu mutanen Argungu gasa ba baƙuwarmu ba ce. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ake auna kifi a Matan Fada. Bambancin dai shi ne kifi yana da sikeli, kyau kuwa idon alƙali ne sikelinsa, kuma idon nan ya daɗe yana karkata wajen farar fata.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, sarauniyar kyau ta farko a Nijeriya daga Arewa ta fito. Jaridar Daily Times ce ta shirya gasar a Ikko cikin 1957, wadda ta ci kuma ita ce Grace Oyelude, haifaffiyar Sabon Garin Kano, iyayenta mutanen lardin Kabba. Aka ba ta fam 200. Ba ta tsaya ado ba, sai ta tafi Ingila ta koyo aikin jinya ta dawo gida. A ganina wannan ya fi kambin.

A ƙasashen Turawa ƙofar ta fi wuyar buɗuwa. Sai a 1966 baƙar mace, Donyale Luna, ta fito a bangon mujallar Vogue ta Ingila, ta Amurka kuwa sai 1974 da Beverly Johnson. Amma wadda ta karya lagon abin ita ce Alek Wek, 'yar ƙabilar Dinka daga garin Wau na Kudancin Sudan, wadda yaƙi ya koro zuwa Landan. A Nuwamban 1997 mujallar Elle ta sa ta a bango, ga ta baƙa wuluk, gashi a aske, babu shafe-shafe. Da a gidan biki na garinmu ne, da wata gwaggo ta ja ta gefe ta ba ta sunan mai.

Shekarar 1998 ita ce tamu. Gidan talabijin na M-Net ya buɗe gasar Face of Africa, Oluchi Onweagba 'yar Ikko ta cinye, ta samu kwantiragin shekara 3 da kamfanin Elite. A wannan shekarar dai, nan maƙwabtanmu Nijar, maɗinki Alphadi, haifaffen Tambutu, ya kira bikin FIMA na farko a gindin duwatsun Tiguidit, kusa da Agadas. Maimakon 'yan Afirka su bi Faransa suna roƙon a duba su, sai ya sa manyan maɗinkan duniya suka tako cikin rairayi. Wurin ma ya dace, domin a wannan yanki ne Wodaɓe ke yin Gerewol, inda samari ke cin kwalliya 'yan mata su yi alƙalanci, tun kafin a san Daily Times. UNESCO ta karrama Alphadi a 2016, shekarar da ta sa bikin kamun kifinmu cikin kayan gadon duniya.

Agbani Darego ta ci gasar duniya a 2001. Abin da ya biyo baya ba mai daɗin tunawa ba ne: a Nuwamban 2002, ana shirin yin gasar a Abuja, wani rubutun ɓatanci a jarida ya tayar da rikici a Kaduna, fiye da mutum 200 suka rasu, aka kwashe gasar zuwa Landan. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Arewa ba ta sake shiga zancen sosai ba sai Disambar 2021, da Shatu Garko, Bakanuwa 'yar shekara 18, ta ci Miss Nigeria da hijabinta, Hisbar Kano kuma ta nuna rashin amincewarta.

Ni dai ba ina cewa mu tura 'ya'yanmu wannan fage ba, kowane gida ya san tarbiyyarsa. Damuwata ta fi kusa da haka. Hausa tana da fara, da baƙa, da wankan tarwaɗa, kuma mu 'yan bakin gulbi mun fi kowa sanin tarwaɗa. Amma yanzu ka je ɗaurin aure a Birnin Kebbi, amaryar da ka sani baƙa tun tana goye sai ka gan ta fuska fara, gaɓoɓin yatsu baƙaƙe. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man bilicin, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana abin a matsayin matsalar gaggawa, saboda sinadaran da ke cikinsa suna ɓata fata su taɓa ƙoda. Mu maza kuwa, da ke cewa a nemo mana "fara ko mayya ce", ba mu da bakin zargin kowa.