Daga Rijiyoyin Salaga zuwa Gangar Kifi a Tsakar Gida: Tarihin Tattalin Ruwa a Arewacin Gana

Haɗa kiwon kifi da noman ganye a ruwa ɗaya, wanda masana ke kira akwafonik, dabara ce da ake zuba kifi a ganga ko tanki, a riƙa tura ruwansa zuwa wani kwamin da aka cika da tsakuwa aka dasa latas ko alayyafo ko tumatir, sa'an nan ruwan ya komo wa kifin bayan saiwoyi sun tace shi. Kashin kifi yana fitar da sinadarin amoniya mai kisa idan ya taru, amma wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune jikin tsakuwar suna juya shi zuwa naitiret, wato takin da shuka ke sha. Tsarin zamani na wannan aiki ya bunƙasa ne a Amurka, musamman ta binciken James Rakocy a Jami'ar Tsibiran Virgin tun daga shekarun 1980, sai dai matsalar da yake magancewa, wato cin moriyar ruwa kaɗan fiye da sau ɗaya, tsohuwa ce a ƙasashen Gwanja da Dagomba da Mamfurusi, inda damina ke kankama a watan Mayu ta ɗauke a Oktoba, rani kuma ya cinye sauran shekara.

Babu garin da ya nuna wannan matsala kamar Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙarni na 19, inda fataken Kano da Katsina da Sakkwato suke sauka bayan tafiyar watanni, wasunsu ta hanyar Yendi, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. Garin ba ya bakin wani babban kogi, alhali ayari guda kan zo da ɗaruruwan mutane da jakuna, don haka aka haƙa rijiyoyi masu ɗimbin yawa a marmarar da garin ke kai, har ya yi suna da su. Rijiyoyin nan suna da alaƙa da cinikin bayi, domin akwai waɗanda har yau ake nunawa a matsayin wuraren da aka shayar da bayi ko aka yi musu wanka kafin a kai su kasuwa. Da ikon masarautar Asante a kan garin ya karye a 1874, sa'an nan yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, mazauna zango suka watsu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi da sauran garuruwa, suka bar rijiyoyin a matsayin shaidar yadda ruwa ke iyakance girman gari.

Can arewa kuwa, inda Walewale take a kan hanyar Tamale zuwa Bolgatanga, ruwa yana nan a Kogin Nasia da Farin Volta, masunta kuma suna kama tarwaɗa da ƙarfasa suna yin banda, wato busar da kifi da hayaƙi domin ya jure tafiya. Abin da ya hana jama'a zama a fadamun shi ne makantar bakin kogi, cutar da wani ɗan ƙuda baƙi mai hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗawa, wadda ta sa aka ƙaurace wa ƙauyuka da dama. Sai bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fara shirin yaƙi da cutar a 1974 ne noman rani ya sami sarari a gaɓar kogi, har lambunan yankin Bawku suka ƙara shahara da jar albasar da ake lodinta zuwa Kumasi da Ankara. A duk tsawon wannan zamani masunci daban yake, mai lambu daban, ko da yake kogi ɗaya suke dogaro da shi.

Madatsun ruwa ne suka fara kusanto da sana'o'in biyu. A shekarun 1950 sashen kula da kamun kifi na gwamnatin mulkin mallaka ya soma zuba 'ya'yan kifi a ƙananan madatsun arewa, daga baya aka gina madatsar Vea kusa da Bolgatanga da ta Tono kusa da Navrongo, wadda aka fara a 1975, inda ruwa ɗaya ke ɗauke da kifi yana kuma shayar da shinkafa da tumatir. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta haifar da Tafkin Volta, ta mayar da Yeji babbar kasuwar kifi, kuma a kan wannan tafki ne kiwon ƙarfasa a keji ya bunƙasa daga baya. Amfanin waɗannan ayyuka bai kai kowane gida ba, saboda ƙananan madatsu sukan cike da laka ko su ƙafe tun kafin bazara.

Gangar kifi a tsakar gida tana iya rage wannan giɓi, sai dai ita gangar katako baƙuwa ce a arewa, domin randa da tulu da salka su ne ma'ajin ruwa na gargajiya. A kudu aka san ta, inda a ƙarni na 19 ake ɗura manja a cikinta a mirgina ta bisa hanya har bakin teku, abin da aka ci gaba da yi da koko kafin zuwan jirgin ƙasa da mota. Ganga irin wannan tana riƙe ruwa ne muddin katakonta na jiƙe, don haka idan aka bar ta babu ruwa a lokacin hunturu sai allunan su motse ta fara yoyo, ga kuma gara. Wadda aka taɓa zuba mai ko magani a cikinta kuma tana iya kashe kifi. Wannan ne ya sa duro na roba da tankin siminti suka fi dacewa da Walewale ko Bawku, gangar katako kuma ta zama ta ado, sai an shimfiɗa mata leda mai kauri a ciki an ajiye ta a inuwa. Tarwaɗa ta fi ƙarfasa jure irin wannan matsatsin, tun da tana iya shaƙar iska kai tsaye idan famfo ya tsaya saboda ɗaukewar wuta.

Ganga ɗaya ko biyu ba za su ciyar da gari ba, kuma ba za su maye gurbin madatsa ko kogi ba. Amfaninsu shi ne samar wa gida ganyen miya da ɗan kifi a tsakiyar rani da ruwan da bai kai na ban-ruwan lambu ba, kuma a yankin da ke shafe kusan rabin shekara ba a ga ruwan sama ba, wannan ya isa dalilin da makarantun noma da ƙungiyoyin matasan zango za su koyar da dabarar.