Tarihin Karatun Gaba da Digiri Kan Rikici da Haɗin Kan Ƙasashe

Ɓarnar Yaƙin Duniya na Ɗaya ce ta haifi wannan fanni. A 1919 wani attajiri ɗan yankin Wales, David Davies, shi da 'yan'uwansa mata biyu, suka ba da fam 20,000 aka kafa kujerar farfesa ta nazarin siyasar ƙasa da ƙasa a Aberystwyth, aka raɗa mata sunan shugaban Amurka, Woodrow Wilson. Alfred Zimmern ne ya fara hawanta. Burinsu shi ne a gano abin da ke haddasa yaƙi, a yi wa tufkar hanci.

Karatun gaba da digiri kuwa a Geneva ya kafu, inda William Rappard da Paul Mantoux suka buɗe cibiya a 1927, a garin da hedikwatar Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe take a wancan lokacin. Ɗalibi kan fito daga aji ya je ya ga jakadu na tafka muhawara a kan abin da aka karantar da shi. Nan Kofi Annan ya yi karatu a farkon shekarun 1960. Amurka ta bi sahu da makarantar Fletcher a 1933.

Sai ga wanda ya gaji kujerar Wilson a 1936, E. H. Carr, ya juya wa manufarta baya. A littafin da ya fitar a 1939, daidai lokacin da wani yaƙin ya ɓarke, ya ce malaman farko mafarki suke yi, don ƙarfi da son kai ke juya ƙasashe, ba yarjejeniya ba. Hans Morgenthau ya ƙarfafa irin wannan ra'ayi a Amurka a 1948.

Daga nan hanya ta rabu. Kwalejin King's ta Landan ta buɗe sashen nazarin yaƙi a 1962 ƙarƙashin Michael Howard. Masu nazarin zaman lafiya kuma suka kama gabansu: Johan Galtung ya jagoranci kafa cibiya a Oslo a 1959, Jami'ar Bradford ta naɗa Adam Curle farfesa a 1973 da tallafin Kiristoci mabiya ɗariƙar Quaker, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa Jami'ar Zaman Lafiya a Kosta Rika a 1980.

Gaskiyar magana, fannin ya daɗe yana kallon duniya da idon Turai da Amurka. Sai bayan Yaƙin Cacar Baka, da abin da ya faru a Ruwanda da Laberiya, yaƙin basasa da aikin sasanci suka samu cikakken gurbi a manhajar digiri na biyu da na uku.