Hawan dutse da binciken tarihi: abin lura daga hanyar Takieta

Mai binciken da ya bi hanyar kwalta daga Takieta zuwa Damagaram cikin mota, sa'a guda ta ishe shi cinye kilomita hamsin ɗin nan, amma da wuya ya fahimci dalilin da ya sa aka gwabza a Tirmini. A nan ne, a ƙarshen watan Yuli na 1899, Sarki Amadu Kuran Daga ya tari dakarun Faransa da Laftanar Pallier ya jagoranta, kuma ya sha kaye. Rahotannin Nasara sun ba da lissafin bindigogi da gawawwaki. Shimfiɗar ƙasar kuwa, wato inda tudu yake tare gani da inda doki ba ya iya sukuwa, sai wanda ya taka da ƙafa ya hau sama yake ganinta.

Wannan tafiya ba wasa ba ce. A watan Yuli na 1850, Heinrich Barth ya bar ayari shi kaɗai don hawan dutsen Idinen kusa da Gat, wanda Abzinawa suka ce gidan aljannu ne. Ya kai sama, ruwa ya ƙare masa, ya ɓata, har ya tsotsi jinin hannunsa kafin wani Ba'abzine ya tsinto shi washegari. Da ya mutu a nan, da ba mu sami bayaninsa kan Damagaram ba, inda ya zauna daga Disamba 1852 zuwa Janairu 1853, zamanin Sarki Tanimun.

Gargaɗin Abzinawan ya fi jan hankalinmu. A ƙasar Hausa ma kan dutse ba wurin kowa ba ne. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya nuna Barbushe yana zaune kan Dala, ba ya saukowa sai ranakun idi, kuma shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura. Ke nan hawa da sauka al'amari ne na iko. A gindin dutsen nan kuma aka sami alamun narkar da tama tun ƙarni na 7.

Saboda haka muke ba ɗalibanmu shawara kada su hau tuddan yammacin Damagaram sai da ɗan gari, bayan sun nemi izinin mai gari. Ɗan rakiyar nan shi ne zai ce wannan tarin duwatsu kufai ne, wancan kabari, wancan kuma ba a zama a kansa. Su rubuta sunan kowane wuri yadda ya faɗe shi, domin taswirorin zamanin mulkin mallaka sun karkata da yawa daga cikin sunayen.