Kwaɗin Tawa

A gidanmu na Ƙofar Rini, duk daren da aka ɗauke wuta, yayana kan ajiye fitilar ƙwai a tsakar gida, ya harɗe yatsunsa, sai ga kan kare a jikin bango. Kowa a cikinmu ya iya wannan siffa, amma nasa karen kaɗai ke sa mu ihu, domin yakan bar inuwar ta yi tsit har mu ƙosa, sannan ya ɗaga kunne ɗaya.

Sai da na kammala digiri na san cewa da wasan inuwa Moustapha Alassane ya fara, mutumin da ake lissafawa cikin magabatan fim ɗin zane a Afirka. An haife shi a Nijar a 1942. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya buɗe masa ƙofar silima, daga nan ya tafi Kanada wurin Norman McLaren, wanda ke ganin cewa abin da ke faruwa tsakanin hoto da hoto ya fi hoton kansa muhimmanci.

A 1966 Alassane ya fitar da Bon Voyage Sim, fim na kamar minti biyar a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki. Zanen layi ne kawai, baƙi a kan fari, kuma motsin kaɗan ne, ana maimaita shi. Wani zai kira wannan rashin kayan aiki. Ni kuwa ina ganin a maimaicin ne habaicin yake, domin shekara shida bayan samun 'yancin kai, bukukuwan tarbar shugabanni sun riga sun zama taku ɗaya da ake ta nanatawa.

Na fi daɗewa a kan Kokoa, inda ya sa kwaɗi da hawainiya kokawar gargajiya. 'Yan tsana ne, yana gusa su da hannu, ya ɗauki hoto, ya sake gusawa. Silima na cin hoto 24 a daƙiƙa. Ko da 12 mutum ya yi aiki, minti ɗaya na bukatar gusawa 720. Wanda ke biyan wannan farashi ba ya ɓarnar motsi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kokawa zai gane abin da ya zaɓa: zagayen da 'yan kokawa ke yi suna auna juna, da jinkirin da ke zuwa kafin kamu.

Na faɗi haka ne da kunya. Zanen farko da na yi a kwamfuta na cika shi da ƙura da walƙiya da girgizar hoto, saboda manhajar ta ba ni su kyauta. Mahaifiyata ta kalla har ƙarshe, ta tambaye ni wa ya kayar da wa.

Alassane ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa, inda ya mayar da wani sashe na otal ɗinsa ɗakin aiki. Daga Sakkwato, ta Illela da Ƙonni, tafiyar ba ta kai yini ba. Ya rasu a Wagadugu a 2015, lokacin ina sakandare, ina kwaikwayon zanen Japan a bayan littafin lissafi, ban taɓa jin sunansa ba.