Tarihin Auna Tsawon Zaman Cibiyar Zarra Cikin Ƙarin Kuzari

Idan aka bugi cibiyar ƙwayar zarra, takan ɗauki kuzarin da ya fi na zamanta na kullum. Yawanci ba ta daɗewa a haka: takan saki rarar, galibi a siffar hasken gama, ta koma yadda take. Tsawon wannan ɗan zama shi masana ke aunawa, domin yana nuna surar cibiyar da yadda abin da ke cikinta ya jeru.

Da farko agogo ya wadatar. A 1921, a Balin, Otto Hahn ya gano cewa cibiyar furotaktiniyam-234 tana da yanayi biyu, ɗaya rabinsa kan ruɓe cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, ɗayan sai kusan awa bakwai. A 1935 Igor Kurchatov da abokan aikinsa suka ga irin haka a buromin-80, a 1936 kuma Carl Friedrich von Weizsäcker ya bayyana dalili: bambancin juyawa tsakanin yanayin biyu ne ke jinkirta sakin hasken. Teknetiyam-99m da Segrè da Seaborg suka gano a 1938, mai rabin rayuwa na awa shida, har yau asibitoci na ɗaukar hoton cikin jiki da shi.

Amma yanayi masu nawa irin waɗannan kaɗan ne. A 1946 DeBenedetti da McGowan suka auna yanayin tantalam-181 da ƙidayar tazara tsakanin sigina biyu na lantarki, sakamakon ya fito a miliyan-kashin daƙiƙa. Ƙasa da haka sosai, lantarki ma ya gaza.

Nan dabara ta fi agogo. Tun a shekarun 1950 Samuel Devons ya fara aiki da gudun cibiyar kanta, a 1965 kuma Alexander da Allen suka daidaita hanyar a Chalk River, Kanada. Ana fizgo cibiyar daga wani siririn faifai, ta doshi wani faifan da zai tare ta. Wadda ta saki haske tana gudu, kuzarin haskenta ya ɗan gusa. Wadda ta kai faifan ta tsaya, nata bai gusa ba. Sai a riƙa matso da faifan ana ƙirga kowane kashi, daga tazarar da gudun cibiyar a fitar da tsawon zaman. Tazarar kan yi kaurin gashin kai, wani lokaci ko ƙasa da haka.

A ɗaya gefen akwai tantalam-180m, wanda har yau ba wanda ya ga ya ruɓe, alhali rabin rayuwar asalin yanayinsa awa takwas ne kawai.