Zubin Tagulla, daga Paris zuwa Katako

Agogon tagulla mai ruwan zinariya, ƙawar manyan gidajen Faransa, cikin rairayi aka zuba gangar jikinsa, kamar yadda maƙeran kasuwar Katako ta Yamai ke zuba tukwanen alminiyom. Sunan Thomire (1751-1843) ya shahara. Na masu shafa zinariyar kuwa ya ɓace. Da zaiba suke kwaɓa ta, su gasa. Hayaƙin ya sa musu makyarkyata, ya zubar musu da haƙora. Wani maƙerin, Ravrio, ya bar wasiyyar tamma 3000 ga duk wanda ya samo kariya. Darcet ya ci kyautar a 1818 da murhu mai zuƙe hayaƙi. A Katako, iskar fili ce ke kwashe nasu.