Wasiƙa daga Madina: Ƙyallen Kaka da Tarihin Zare

Gaisuwa mai yawa ga Baba da Goggo da Yaya Babba da duk mutanen gida na Zariya, tare da fatan kowa yana lafiya. Mu ma nan lafiya lau, sai zafi. Kwana biyu kun ji ni shiru, to ga dalili.

Tun bayan babbar Sallah na fara taya wata dattijuwa maƙwabciyarmu zaman shago a wajen titin Kuba. 'Yar asalin Falasɗinu ce, kayan ɗinki take sayarwa, su zare da allura da yadi. Ran nan muna kwashe wani tsohon kwali sai na ci karo da wani ƙyalle da ya koɗe don tsufa, an cika shi da layi-layin ɗinki, kowane layi da irin adonsa. Ta ce na mahaifiyarta ne, a kansa ta koyi tatriz, wato ɗinkin giciye da ake yi ana ƙirga idon yadi. Wallahi ina riƙe da shi sai Kaka ta faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙanta. Kun tuna ƙyallen da take ɗaukowa daga ƙasan adaka in za ta yi surfanin matashin kai? Kamar an tsaga kara.

Rabona da allura ya fi shekara ashirin, tun lokacin da Kaka ke zaunar da ni a tabarma tana warware abin da na ɓata. Amma da dattijuwar ta miƙo mini zare, sai ga hannu ya tuna abin da kai ya manta. Daga nan na shiga bin asalin irin waɗannan ƙyallaye.

Ashe abin ya daɗe. Kafin a fara buga littattafan zanen ɗinki a Jamus cikin shekarun 1520, mai ɗinki ba ta da wurin adana ado sai ƙyalle. In ta ga wani ya burge ta, sai ta kwaikwaya a kai, ya zama littafinta. Daga cikin mafi tsufa da suka rage akwai na Masar, na zamanin daular Mamluk wadda ta yi mulki daga 1250 zuwa 1517, wasunsu suna gidan tarihi na Ashmolean a Ingila. Na Turawan Ingila mafi tsufa mai ɗauke da shekara shi ne na wata Jane Bostocke, na 1598, yana Landan. Ko zaren DMC da ya cika shagon nan, kamfaninsa ya samo asali ne a garin Mulhouse tun 1746.

Mu kuwa namu tarihin a jikin babbar riga yake. A Zariya da Kano da Bidda malamai ne ke zayyana, su zana aska takwas ko aska biyu ko tambari a kan riga, sannan maɗinka maza su bi zanen da allura, wani lokaci aikin wata da watanni. Zare biyu ne na alfarma. Akwai tsamiya, wadda ake samu daga saƙar wata tsutsa a daji, a dafa da toka a kaɗa. Akwai kuma jan alharini da ke ƙetaro Sahara a kan raƙuma. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa a Tarabulus ake rina shi, fataken Gadamas su kawo. Kun ga ke nan tsakaninmu da ƙasashen Larabawa zare ya daɗe yana kai da kawowa. Matan birnin Zariya kuwa sai wajen shekarun 1970 suka shiga ɗinkin manyan riguna sosai, da shi da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, rigunan sarakuna suna nan a gidajen tarihi, zanen malamai ma David Heathcote ya yi nazarinsu a Jami'ar Ahmadu Bello har ya kammala digirinsa na uku a kai a 1979. To amma ƙyallen koyo na iyayenmu mata fa? Da zarar mai shi ta rasu sai ya koma tsumman goge tukunya. Su Falasɗinawa sun riƙe nasu, har UNESCO ta sanya tatriz cikin al'adun duniya a 2021.

Tun da Saudiyya ta ware 2025 a matsayin shekarar sana'o'in hannu, 'yan mata suka fara zuwa shagon neman kaya irin na dā. Shi ya sa muka keɓe kanta guda muka jera yadin lilin da zare mai sanyin launi da kwafin tsofaffin zane. Cikin masu zuwa akwai jikokin Hausawan da suka yo gabas da ƙafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Wata a cikinsu ta tambaye ni ko muna da adon ƙasar kakanninta. Na rasa abin da zan nuna mata, kunya ta kama ni.

Don haka ga roƙona. Yaya, na ji an ce za a sadakar da kayan adakar Kaka kafin azumi. Don Allah don Annabi a cire mini ƙyallen nan, kada a wanke shi, a naɗe shi cikin farin yadi. Goggo, ke kika san sunan kowane ado da ke kai, ki daure ki faɗa wa yaran nan su rubuta. In kuma an dace da zaren tsamiya da zanen aska takwas a takarda, a haɗo mini ta hannun masu zuwa Umara. Ba zan sayar da ƙyallen ba, zan kwafe shi ne layi bayan layi, kowace jikar Kaka ta samu nata.

Ina sa ku cikin addu'a duk lokacin da na shiga Harami. A gaida yara da maƙwabta. Sai na ji daga gare ku.

Wassalam, taku a Madina.